KoboCollect a hannun masu tattara bayanai a Katsina: inda take da amfani da inda abin ya fi ƙarfinta

Duk wanda ya halarci horon masu tattara bayanai a Katsina cikin 'yan shekarun nan ya san yadda ake buɗe taro. A raba wayoyi ko kowa ya fito da tasa, a sauke KoboCollect, manhajar cike fom ɗin bincike a waya, a haɗa ta da asusun aikin, fom ya sauko. Ƙungiyoyin da ke aikin tamowa da rigakafi sun daɗe da ajiye damin takarda, ɗaliban digiri na biyu da na uku a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ta Tarayya da ke Dutsin-ma su ma sun fara bin sahu. Hukuncinmu a kanta shi ne manhaja ce mai kyau, ta cancanci a yi aiki da ita, ga shi mai ƙaramin aiki ba ya biyan ko kwabo. Sai dai ana yawan yabon ta a wurin horo kamar ita ce maganin bayanan ƙarya gaba ɗaya, wannan kuwa an wuce gona da iri. Tana kama yaron da ya zauna gindin bedi ya cike fom talatin da ka. Wanda ya shiga gida talatin da gaske, ya fito da amsar da ya shiga da ita a ransa, shi ne ke ba ta wahala, kuma a kansa muka auna ta a nan.

Asalinta a taƙaice. Phuong Pham da Patrick Vinck ne suka fara KoboToolbox, uwar tsarin gaba ɗaya, a 2005, ta girma a ƙarƙashin cibiyar ayyukan jinƙai ta Jami'ar Harvard. KoboCollect ita ce ɓangaren da ake sa wa a waya, an gina ta a kan ODK Collect wadda ta samo asali a Jami'ar Washington a 2008. A wayar Android take aiki. Mai iPhone sai ya buɗe fom ta burauza. Ba ta buƙatar sabis lokacin aiki, abin da duk wanda ya taɓa yini a ƙauyukan Baure ko Zango zai gode wa Allah a kansa: a cike fom a ajiye a waya, in an dawo Daura da yamma a tura. Tana tsallake tambayar da ba ta shafi mutum ba, tana ƙin karɓar shekara 250 ko awaki ɗebe uku, tana ɗaukar wurin da aka tsaya da lokacin farawa da gamawa. Duk wannan tana yi ba gargada, ba sai an tsaya a kai ba.

Matsalar da muke magana a kanta ta girmi waya nesa ba kusa ba. A Balin ta Jamus, a farkon ƙarni na ashirin, an yi wani doki mai suna Hans da ake cewa ya iya lissafi. Mai shi, Wilhelm von Osten, zai ce uku a tara da huɗu, doki ya buga kofato sau bakwai ya tsaya. Har kwamiti aka kafa a 1904 bai gano maguɗi ba, domin babu maguɗin. Oskar Pfungst ne ya warware zaren a binciken da ya wallafa a 1907: idan mai tambaya ya san amsa, dokin na dacewa kashi 89 cikin ɗari, idan bai sani ba, kashi 6 kacal. Ashe jikin mai tambayar yake karantawa. Mutum ya sunkuyar da kai yana kallon kofato, da an kai lambar da yake jira sai ya ɗan ɗago ba tare da ya sani ba, doki ya tsaya. Duk wanda ya riƙe linzami ranar hawan sallah ba zai yi mamakin wannan ba, doki kan san mahayi mai tsoro tun kafin a bar ƙofar gida. To in doki ya iya, ina ga uwar 'ya'ya biyar da ta yi shekara goma sha biyar tana karanta fuskar miji da uwar miji da kishiya? Labarin zuciya a tambayi fuska, ita kuwa fuskar mai tambaya a buɗe take gabanta.

A 1963 Robert Rosenthal da Kermit Fode sun ba ɗalibai 12 ɓeraye biyar-biyar, suka ce wa rabinsu nasu ɓerayen masu kaifin basira ne, suka ce wa sauran nasu daƙiƙai ne. Ɓerayen iri ɗaya ne, ƙuri'a ce ta raba su. Amma waɗanda aka kira masu basira suka fi saurin koyon hanya a akwatin gwaji mai lunguna. Tun kafin nan, a 1929, Stuart Rice ya duba hirar da aka yi da marasa galihu kusan 2,000 a birnin New York. Wani mai tambaya da ya tsani giya ya samu cewa giya ce ta kassara yawancinsu, wani mai ra'ayin gurguzu ya samu cewa rashin aiki da halin masana'antu ne. Abin lura, har a wurin da aka rubuta abin da su mutanen suka faɗa da bakinsu, amsoshin sun karkata wajen ra'ayin wanda ya tambaye su.

Ga yadda abin ke kasancewa a cikin gida, misali a wata unguwa wajen Ƙofar Marusa. A fuskar waya an rubuta: “Daren jiya ƙaramin yaronki ya kwana cikin gidan sauro?” Mai tambaya ta zauna a tabarma, an kawo mata ruwa, an gaisa. Ta kalli waya ta ɗago.

“Yaya, ai dai yaran nan cikin gidan sauro suke kwana ko?”

“Sosai ma kuwa, malama.”

“Madalla, haka ake so.”

Ta danna “E”. Waya ta rubuta lokaci daidai, wuri daidai, amsa ta shiga layinta. Gidan sauron yana ƙarƙashin gado cikin ledarsa, ana jiran damina. Babu wadda ta yi niyyar ƙarya. Mai tambaya ta tausasa magana ne yadda ladabi ya koya mata, matar gida kuma ta yi kara, ba ta so baƙuwa ta fita da kunya. Amma dubi ɓarnar: “daren jiya” ya zama “kullum”, yaro ɗaya ya zama “yaran nan”, “ai” da “dai” da “ko” sun shimfiɗa wa “e” tabarma, wannan “madalla” kuwa ta sanar da matar irin amsar da ke jawo yabo. Tambayoyi goma na gaba, na wanke hannu da awon ciki da allura, duk za su bi bayan madallar nan.

Kalma ɗaya ta isa. Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa ɗalibai hoton bidiyon haɗarin mota a 1974. Waɗanda aka tambaya gudun motocin da kalmar da ke nufin “rugurguzawa” sun ƙiyasta kusan mil 41 a awa, waɗanda aka ce wa “taɓa juna” suka ce kusan 32. A namu yaren waɗannan ƙananan kalmomi, ai, dai, ko, fa, mana, su ne suka fi yin wannan aiki, ga su ba sa fitowa a rubutaccen fom.

Nan ne KoboCollect ta fara nuna amfaninta, in an yi amfani da ita. Fom ɗaya na iya ɗaukar harsuna da yawa, a sauya daga Turanci zuwa Hausa da danna biyu, kuma ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa lafiya a yawancin wayoyi. Duk da haka fom ɗin Turanci zalla ne ke yawo a hannun mutane, a ce wa ma'aikata “ku fassara da baki”. Ma'aikata goma, tambaya goma ke nan. Wani zai ce “kin gamsu da asibitin?”, wani ya ce “ba ki da wani ƙorafi dai ko?”. Wata za ta ce “ƙayyade iyali”, wata ta ce “tazarar haihuwa”, kowa kuwa ya san waɗannan biyun ba amsa ɗaya suke samu a Katsina ba. Abin yi: mutum ɗaya ya fassara, wani da bai ga asalin ba ya mayar Turanci, a gwama, a gwada a kan mutum goma zuwa goma sha biyar da ba sa cikin samfur, wato waɗanda aka zaɓa don binciken, sannan a kulle lafazin. A rubuta har kalaman da aka yarda mai tambaya ya furta in an yi shiru: “to”, “ina jin ki”, “a maimaita?”. A haramta “madalla”, “yauwa”, “ashsha” da “kai!”.

Abin da ya fi wannan ƙarfi, kuma aka fi sakaci da shi, shi ne manna murya a jikin tambaya. Ana iya naɗar kowace tambaya da murya ɗaya, a liƙa fayil ɗin, mai tambaya ya danna kowa ya ji lafazi guda da sauti guda. Ga tambayoyi masu nauyi, a ba mai amsa abin sa wa a kunne, a juya mata waya, ta taɓa hoto ko launi: kore “e”, ja “a'a”. Mai tambaya ya kau da kai. Wannan shi ne abin da Pfungst ya yi wa Hans, raba mai amsa da fuskar mai jira. Yana da wahalarsa. Dattijuwar da ba ta taɓa riƙe waya mai shafawa ba za ta danna da ƙarfi ko ta goge shafin, don haka a fara da tambayoyin gwaji uku marasa komai, kamar ko ta sha koko yau. A naɗi muryar mace ga mata, ta namiji ga maza, da karin harshen yankin, kada a kawo muryar mai karanta labarai da za ta sa a ji kamar hukuma ce ke magana. A matse fayilolin su yi ƙanƙanta, a sauke su a gari tun kafin a fita, a ɗauki fawa banki, domin sauti na cin batir.

Sai jujjuya zaɓi. Idan ana karanta wa mutum jerin amsoshi da baki, na ƙarshe ya fi zama a kunne, mai tsara fom kuma yakan jera su yadda hasashensa yake so ba tare da ya lura ba. A takardar Excel da ake gina fom da ita, in aka rubuta randomize=true a ginshiƙin parameters, kowane mai amsa zai ji jerin a tsari daban. Yana aiki yadda ya kamata. Kuskure biyu ake yi: a sa shi a tambayar da zaɓinta ke da tsani, daga “ban yarda ba sam” zuwa “na yarda ƙwarai”, tsanin ya wargaje, ko a manta cewa “ban sani ba” da “wani abu daban” su ma za su faɗo tsakiyar jeri. Abin da ba mu ji daɗinsa ba shi ne jujjuya tambayoyin kansu ba shi da maɓalli, sai an yi dabara da lissafi da maimaita rukuni, wanda ke kai sabon shiga ga ɓata fom. Kuma da yawa daga cikin waɗannan kayan aiki sun fi sauƙin samu ta takardar Excel, ba ta shafin da ake gina fom da danne-danne ba, shi ya sa mafi yawan masu amfani da manhajar ba su ma san da su ba.

Ga mai gwaji na gaske, wanda zai raba mutane rukuni biyu ya ba kowane saƙo daban, manhajar na iya jefa ƙuri'a da kanta ta umarnin random, ba tare da lambar ta fito a fuskar waya ba. Dole a kulle shi cikin umarnin once, in ba haka ba duk lokacin da aka sake buɗe fom ɗin da aka ajiye ƙuri'ar na iya sauyawa, mutumin da ya ji saƙon farko ya koma rukuni na biyu a rubuce. Wannan ya cire hannun mai tambaya daga zaɓen wa zai shiga ina, kuma babban abu ne, domin ɗan Adam in aka bar shi zai kai mai fara'a rukunin da yake so ya yi nasara.

Da wannan ƙuri'ar ake yin dabarar jeri, wadda ta dace da tambayar da ba mai amsa ta kai tsaye. A ce ana son sanin yawan waɗanda suka taɓa ɓoye yaro ranar da masu allurar shan inna suka zo. Rabin mutane a karanta musu abu huɗu: na saurari rediyo jiya, na je biki ko suna a watan nan, na sayi nama a makon nan, na je Umara bana. Sauran rabin a ƙara musu na biyar, wato ɓoye yaron. Ba a tambayar wanne, sai dai guda nawa. A ba mai amsa tsakuwa ta riƙa sauya wa hannu a bayanta, a ƙarshe ta nuna. In matsakaicin rukunin farko ya zo 1.8, na biyu 2.1, a misali, bambancin 0.3 na nufin wajen kashi 30 cikin ɗari. A tsara jerin yadda da wuya wani ya ce duka ko babu, don wannan tona asiri ne. Kuma a sani dabarar na cin samfur, mutum ɗari biyu ba za su ba da abin dogaro ba.

Yanzu inda abin ya fi ƙarfinta. Akwai wani gwaji da ya kamata duk mai yabon na'ura ya sani. A 1996 John Bargh da abokansa sun ba da rahoton cewa ɗaliban da aka sa su aiki da kalmomi masu tuna tsufa sun fita ɗaki suna tafiya a hankali. A 2012 Stéphane Doyen da abokansa a Beljiyam suka maimaita, suka auna tafiyar da na'urar haske maimakon agogon hannu, ba su ga komai ba. Sai suka sake, wannan karon suka sa wasu masu gudanar da gwajin su yi tsammanin tafiya a hankali. A hannun waɗannan ne kawai mutane suka rage sauri, kuma na'urar ta tabbatar da hakan. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, ta auna abin da aka riga aka lanƙwasa ne tun a cikin ɗaki. Matsayin KoboCollect ke nan daidai.

Kafin a buɗe waya an riga an faɗa wa gari amsa. Farar mota mai tambari ta tsaya ƙofar gidan mai unguwa, matasa sun sauko da riguna masu sunan shiri, mai shela ya zaga. Kafin la'asar labari ya kai kowane zaure cewa masu rubuta sunan tallafi sun zo. Daga nan mai tumaki takwas yana da biyu, wanda ya ɗaure dami arba'in bai samu komai bana ba, gida mai mutum bakwai ya zama goma sha biyu. Ba abin zargi ba ne, hankali ne, mutane sun ga an rubuta suna an kawo kuɗi a baya. A Saliyo, Jacobus Cilliers da Oeindrila Dube da Bilal Siddiqi sun gwada a ƙauyuka 60, rahotonsu ya fito a 2015: zaman Bature kawai a wurin, ba tare da ya ce uffan ba, ya ƙara kyautar da mutane ke yi a wasan rabon kuɗi da kashi 19 cikin ɗari. Mutanen ƙauyukan da suka saba da agaji kuwa sun fi rage kyauta, sun kuma fi zaton ana gwada su ne don tallafi na gaba. A Alƙahira, Lisa Blaydes da Rachel Gillum sun samu cewa mata Musulmi sun fi bayyana riƙo da addini idan mai tambayar na sanye da hijabi. Ba wata manhaja da za ta cire wa ma'aikaci riga, ko ta tashi mai unguwa daga bakin tabarma, ko ta sa maigida ya bar bakin ƙofar ɗaki lokacin da ake tambayar matarsa wa ke yanke shawarar zuwa asibiti.

Akwai kuma abin da ke namu na gida. “Lafiya lau” gaisuwa ce, mai zazzaɓi ma ita zai ce, amma sau nawa aka danna ta a matsayin amsar tambayar lafiya? Mace mai alkunya ba ta kama sunan ɗan fari, wata ma sai ta tsallake shi a ƙirga, balle 'ya'yan da suka rasu. Mai tambayar da ke tsammanin “babu matsala” zai karɓi amsar farko ya wuce, wanda ke tsammanin matsala zai tona har sai ya samu. Bambancin tono kaɗai ya isa ya raba sakamakon ƙauye biyu masu hali ɗaya.

Har ma tsallake tambaya, da muka yaba a sama, yana buɗe wata ƙofa. Cikin kwana biyu ma'aikaci ya gane cewa in ya rubuta yaro ɗan shekara huɗu, tambaya arba'in za su buɗe, in ya rubuta shida sai a wuce. An daɗe da sanin wannan a manyan binciken lafiya da yawan jama'a, inda ake samun yara sun taru a bayan shekarar da aka yanke, mata kuma sun zame daga tsakanin 15 zuwa 49. Inda ba kowa ke da takardar haihuwa ba, “zai kai shida ko, Baba?” ta wadatar. Biyan kuɗi a kan kowane fom na ƙara wa wutar fetur. A biya da yini. Ana iya sa kalmar sirri a hana komawa baya a fom, amma hakan na hana gyaran kuskure na gaskiya, don haka mun fi son a kunna audit tare da track-changes=true, wanda ke rubuta daƙiƙa nawa aka yi a kowace tambaya da duk amsar da aka sauya. Tambayar da karanta ta ke cin daƙiƙa ashirin, in aka amsa ta cikin uku, ba a karanta ta ba.

Naɗar sauti a bayan fage, wato background-audio, ita ce kaɗai hanyar jin “ai dai” da kunnenka. A saurari hirar kwana biyun farko, kowace tambaya a ba ta maki: an karanta yadda take, an sauya, an ja mai amsa, ba a yi ba. A gyara a rana ta uku, ba bayan an gama ba. Dole a nemi izinin mai amsa a fili, dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ma tana nan. Amma a yankunan da matsalar tsaro ta taɓa, irin su Jibiya da Batsari da Safana, shawararmu a bar naɗar murya kwata-kwata. Mutumin da ke tsoron a kira shi infoma, in ya ji ana ɗaukar muryarsa, ko dai ya rufe baki ko ka jefa shi cikin haɗari. A irin wannan aiki a rufe bayanan da makullin sirri. Manhajar na yi, sai dai daga nan ba za a ga komai a shafinta ba sai an sauke an buɗe a kwamfuta.

Babban giɓin da muka gani shi ne shafin rahoto. Yana zana ginshiƙai masu kyau, amma ba ya tashi da kansa ya ce maka ma'aikaciya ta uku na samun “e” fiye da kowa. Sai ka sauke bayanan ka raba kowace muhimmiyar tambaya bisa mai tambaya. Wannan ma ba zai yiwu ba in duk an shiga da asusu ɗaya kuma ba a sa tambayar lambar ma'aikaci ba, kuskuren da ake yi kullum. Ko an sa, in aka ba kowane ma'aikaci ƙauyensa shi kaɗai, ba za a iya bambance halin ƙauye da halin ma'aikaci ba. Maganin ya daɗe, masanin ƙididdiga Mahalanobis ya yi amfani da shi a Indiya tun shekarun 1940: a cakuɗa, kowane ƙauye ma'aikata biyu ko uku su raba gidajensa ta ƙuri'a.

Ga lissafin da ya kamata ɗalibi ya yi kafin ya yi alfahari da mutum 400 da tsarin Taro Yamane na lissafin yawan samfur ya ba shi. Amsoshin da suka bi ta hannun mutum ɗaya sukan yi kama da juna. A ɗauki wannan kamanni a 0.02 kawai, a misali. Ana ninka shi da yawan hirar kowane ma'aikaci ban da ɗaya, a ƙara 1. Ma'aikata 4, kowa hira 100: 0.02 sau 99, a ƙara 1, ya ba da 2.98. Raba 400 da wannan, darajar samfurin ta koma ta mutum 134. Ma'aikata 16, kowa hira 25: 1.48, wato darajar mutum 270. In kuwa ɗalibin shi kaɗai ya yi hirar duka, ba ma yadda za a auna, ga shi duk duniya ba wanda ya kai shi son hasashensa ya tabbata. Gara ya yi musaya da abokin karatunsa, kowa ya yi wa ɗan'uwansa hira ba tare da an faɗa masa abin da ake fata ba.

Haka ma a wurin horo. Shugaban shiri ya tashi ya ce “mun san aikin nan ya canza rayuwar mata, ku je ku kawo mana shaida”, an gama ɓata binciken kafin a ci abincin rana. Masu tattara bayanai su san batun, kada su san hasashen, kada kuma su san wane ƙauye ne ya samu shiri wane ne na kwatance. Sunan fom ma na fitowa a saman waya. A kira shi “Binciken gidaje 2”, kada a rubuta “tasirin” komai. Dabara mai arha: ranar ƙarshe ta horo kowane ma'aikaci ya cike ɗan fom, ya ƙiyasta kashi nawa za su ce “e” a tambayoyi biyar mafi muhimmanci. In an gama aiki a gwama hasashen kowa da abin da ya kawo. Sannan wani daban ya koma gida ɗaya cikin goma cikin kwana biyu ko uku, ya sake tambayoyi bakwai ko takwas da bai kamata amsarsu ta sauya ba, ba tare da ya ga amsar farko ba.

Don adalci, ba ko'ina wannan cuta ke da ƙarfi ba. Jonathan Mummolo da Erik Peterson sun gwada a 2019 a binciken da mutum ke cikewa da kansa ta intanet, har suka faɗa wa mutane abin da mai bincike ke fata, sakamakon bai motsa sosai ba. Don haka mai binciken malaman sakandare ko ma'aikatan sakatariya, masu karatu da waya, ya tura musu adireshin fom ta WhatsApp su cike da kansu, ya huta da rabin abin da muka lissafa, ya dai san cewa waɗanda suka ga dama ne kawai za su amsa. Mai shiga ƙauyukan Mashi da Mani da Sandamu ba shi da wannan gata, sai fuska da fuska.

Gare shi, tambaya biyu za mu ce lallai ya ƙara a ƙarshen fom, kuma manhajar na karɓar su cikin minti biyar. Ta farko irin wadda Afrobarometer, cibiyar binciken ra'ayin jama'a a Afirka, ke rufe hirarta da ita: “Wa kike ganin ya aiko mu?” Ta biyu irin wadda Martin Orne ya ba da shawara tun 1962, bayan ya ga mutane sun yi awoyi suna lissafi suna yayyaga takardar don kawai an ce gwaji ne: “A ganinki me ake son a gano da waɗannan tambayoyi?” A bar su a buɗe, a rubuta abin da aka faɗa kalma da kalma. In an zo nazari, a ware waɗanda suka ce gwamnati ko masu tallafi, a gwama yawan awakinsu da na waɗanda suka ce 'yan makaranta ne.